FUMFUNAR GYAƊA DA MASARA: YADDA AKA RAƊA WA WATA SABUWA SUNA

A kakar bara na halarci taron wata ƙungiyarmu ta gama kai, ina yi wa jama'a bayani a kan shanyar gyaɗa. Na ɗaga wani ƙwanso da na fasa, cikinsa ya yi kore-kore, na ce kada a ci irin wannan. Sai wani dattijo ya ɗaga sandarsa ya ce, "Malam, fumfuna ai fumfuna ce. Tun muna yara a ke karkaɗe ta a ci, ga mu kuwa har mun yi furfura. Me ya sake yanzu?" Na ce, "Baba, ba duka ba ne ɗaya." Ya ce, "To, nuna mini bambancin." Na duba ƙwanson nan da ke hannuna, ban ga abin da zan nuna masa ba, gama ido ba ya rarrabe su. Jama'a suka yi dariya, ni ma na yi. Amma tambayar ta bi ni har gida, shi ya sa na ga ya kamata in amsa ta sosai a wannan shafi.

Gaskiyar dattijon nan ita ce, akwai fumfunar da ba ta yin lahani. Inda ya kuskure kuwa shi ne, a cikin ƙasar gonakinmu akwai wata mai mugun dafi ƙwarai, wadda masana da kansu suka yi shekaru fiye da hamsin suna ajiye da ita ba su san ko wace ce ba. Sai a 2019 aka tabbatar jinsi ce dabam, aka ba ta sunanta.

Mece ce fumfuna?

Abin nan da mu ke gani kamar ƙura kore ko baƙa a kan tuwon da ya kwana biyu, ko a bakin zangarniyar masara, abu ne mai rai. Ba tsiro ba ne, gama ba ya yin abincinsa da hasken rana kamar dawa. Ba ƙwaro ba ne kuma. Danginsa su ne laimar kwaɗi da yistin da a ke sa wa burodi. Jikinsa zare ne siriri wanda ya fi gashi sirantaka nesa, shi ke kutsawa cikin ƙwaya yana shan abincinta. Ƙurar da mu ke gani a waje irinsa ne, watau abin da iska ke kwashewa ta shuka a wani wuri. Sai an jera ƙwayoyin irin nan wajen ɗari biyu kafin su cika milimita guda. Saboda haka idan ka ga kore a ƙwayar gyaɗa, aikin ya riga ya yi nisa a ciki.

A 1729 wani masanin tsire-tsire na birnin Filorans a Italiya, mai suna Micheli, ya sa wata fumfuna a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya ga sanda tsaye da dunƙulallen kai, ga ƙwayoyi a jere suna fita daga kan ta kowane gefe. Sai abin ya tuna masa da sandar da firist ya ke yayyafa ruwa da ita a cocin Katolika, wadda a ke kira asperjilum da Latin. Daga nan sunan Aspergillus ya fito. 'Yan'uwanmu na Katolika za su gane siffar nan da nan. A 1809 wani Bajamushe mai suna Link ya bayyana ɗaya daga cikin zuriyar, mai launin rawaya zuwa kore, ya kira ta Aspergillus flavus. Kalmar flavus ma'anarta rawaya.

Shekara ɗari da hamsin ba wanda ya damu da ita sosai. Sai a 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila cikin 'yan watanni. Da aka bi sawu, aka tarar duk sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Burazil, a cikin tunkuzar kuwa akwai dafin da fumfunar nan ta yi. Aka haɗa sunan dafin daga nata sunan, aka ce afulatoksin. Aka kuma gane iri-iri ne. Idan aka haska shi da wata fitila ta musamman a cikin duhu, wani ya kan yi shuɗi, shi ne mai lamba B, wani ya kan yi kore, shi ne mai lamba G. Ku riƙe haruffan nan biyu, gama su ne suka fara tona asirin tamu.

Abin da ya ɗaure wa masana kai

A lokacin nan dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, Ingila kuma tana cikin manyan masu sayen gyaɗarmu. Dole masanansu suka juyo kanmu. Tun a 1962 aka kai wata fumfuna da aka ɗebo daga gyaɗar Nijeriya babban ɗakin ajiyar fumfuna na ƙasar Holan, aka ajiye ta da rai.

A hankali aka lura cewa abin da a ke kira flavus ya kasu biyu. Fumfunar nan ta kan yi wasu ƙulalai baƙaƙe masu tauri, waɗanda ke kwanciya cikin ƙasa duk rani, su farka da damina. Wani kashi yana yin manyan ƙulalai kaɗan da ƙura mai yawa. Dafinsa ba tabbas: wani yana da shi, wani kaɗan, wani babu ko ɗis. Ɗaya kashin yana yin ƙananan ƙulalai barkatai, waɗanda ba su kai rabin milimita ba, ƙurarsa ba yawa, amma kusan kullum dafinsa mai yawa ne.

A 1999 masana biyu, Cotty da Cardwell, suka gwada masu ƙananan ƙulalai na Jamhuriyar Binin da na Amurka. A ido kamar an tsaga kara. Amma na Amurka dafi mai lamba B kaɗai su ke yi, na Binin kuwa suna yin B da G duka. Suka kuma ga a Binin ta fi yawa a arewa, inda zafi da fari suka fi tsanani. Ba su ba ta suna ba, sai dai wasu haruffa na laƙabi. Wasu masana suka ari sunan wata fumfuna ta ƙasar Tailan suka ɗora mata, daga baya aka gane ta Tailan ɗin flavus ce sak, tamu kuwa ba ita ba ce. Haka ta zauna, ana saninta a gona, amma a littafi ba ta da gida.

Yadda a ke tabbatar da sabon jinsi

Kowane manomi ya san aikin rarrabewa. Kun san kaura da farafara da takanda duk dawa ce, ko da ya ke ba su yi kama ba. Kun san gero da maiwa abu guda ne, bambancinsu lokacin nuna. Kun san gujiya da gyaɗa duk a ƙasa su ke yin 'ya'ya amma ba ɗaya ba ne. Aikin masanin fumfuna ke nan, sai dai abin da ya ke dubawa ƙanƙane ne, kuma kama ta kan ruɗe shi fiye da yadda ta ke ruɗinmu.

Da fari ya kan ɗebi ƙasa ko ƙwayar hatsi ya sa a wani ɗan faifan gilas mai abinci daskararre kamar kamu. Fumfuna iri-iri za su tsiro. Sai ya tsinci guda da bakin allura ya sake dasa ta ita kaɗai, har ya tabbata ba gauraye. Daga nan ya dasa ta a faifai dabam-dabam masu abinci dabam-dabam, ya rufe, ya ajiye kwana bakwai a zafin digiri 25, wasu kuma a 37 da abin da ya fi haka. Ran na bakwai ya buɗe ya auna faɗin da ta yi, ya rubuta launinta ta sama da ta ƙasa, ya duba ko ta yi ƙulalai. Sa'ad da na fara karanta wannan sai na tuna da Littafin Firistoci sura 14, inda firist ke duba tabo kore ko ja a bangon gida, ya rufe gidan kwana bakwai, sa'an nan ya komo ya ga ko ya yaɗu. Ashe dabarar tsohuwa ce.

Sai madubi. A nan ya ke auna tsawon sandar, da girman kan, da ƙwayoyin irin, ya ga ko santsi gare su ko kaushi. A dā iyakar aikin ke nan, shi ya sa aka daɗe ana cusa jinsi da yawa a ƙarƙashin suna guda. Yanzu akwai matakai biyu da suka ƙaru. Na ɗaya, a narkar da fumfunar a gwada dukan sinadaran da ta ke fitarwa, har da dafin, gama kowane jinsi yana da nasa jerin. Na biyu, wanda ya fi yanke gardama, a karanta rubutun gado da ke cikin ƙwayar halittarta, wanda a ke kira Di'en'e. Ba duka a ke karantawa ba. A kan zaɓi wurare uku ko huɗu sanannu, a jera su kusa da na sauran dangi, a ƙidaya inda suka saɓa. Da wannan a ke zana bishiyar zuriya. Idan samfura da yawa daga wurare dabam-dabam suka taru a reshe guda su kaɗai, a duk wuraren da aka karanta, sinadaransu kuma suka goyi bayan haka, to an sami jinsi.

Har yanzu da sauran aiki, gama suna yana da doka. Dole a zaɓi samfuri guda a busar, a ajiye a sanannen ɗakin ajiya, ya zama shi ne ma'auni har abada. Kamar mudun sarkin kasuwa ne: duk wanda ya yi gardama gobe, a ɗauko a gwada. A kan ajiye mai rai ma a cikin sanyi domin wasu masana su roƙa su gwada da kansu. Dole a rubuta bayaninta a buga. Kafin 2012 sai da Latin, daga shekarar nan aka yarda da Turanci ma. Tun 2013 kuma dole a yi wa sunan rajista a ba shi lamba. In aka tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, sunan bai zauna ba.

Sunan da gidan

A 2019 wata ƙungiyar masana ta buga sakamakon sake duban dukan dangin flavus na kusa. Suka ce jinsi 33 ne, takwas daga ciki sababbi. Uku daga cikin sababbin an ɗauko ma'auninsu daga Nijeriya. Wadda mu ke magana a kanta an samo ma'auninta daga ƙasar gona a Minna, aka kira ta Aspergillus aflatoxiformans, watau mai yin afulatoksin. Sauran biyun daga shinkafar kasuwa a Abekuta aka same su: Aspergillus cerealis, watau ta hatsi, da Aspergillus austwickii, wadda aka sa wa sunan Austwick, masanin Ingila da ya yi aiki a kan dafin gyaɗa a farkon al'amarin. Dukansu uku suna yin ƙananan ƙulalai, suna kuma yin dafi na B da na G. Samfurin nan na 1962 da na ambata, da aka karanta rubutun gadonsa sai ya faɗa gidan ta Minna.

A bayan sunan a kan rubuta waɗanda suka raɗa shi. Su huɗu ne: Frisvad na Danmak, Samson da Houbraken na Holan, da Chibundu Ezekiel, ɗan Nijeriya, na Jami'ar Babcock a Jihar Ogun a lokacin nan. Na ji daɗin ganin sunan ɗan ƙasa a wurin. An daɗe ana kwashe ƙasarmu a kai waje a yi nazari, mu ji labari daga baya.

Idan za a faɗi adireshinta yadda mu ke faɗin namu, daga ƙasa zuwa gunduma zuwa gida, sai a ce: tana cikin duniyar fumfuna da laimar kwaɗi, a babban reshen da yisti ya ke, a zuriyar Aspergillus mai jinsi fiye da 400, a unguwar Flavi mai gida 33 a ƙirgar 2019. A unguwar nan ne kuma wata ta ke mai suna oryzae, wadda mutanen Japan suka yi ɗaruruwan shekaru suna yin abinci da ita kamar yadda mu ke yin daddawa, ba ta kuwa da dafin. Ga amsar dattijona: maƙwabta ne, kamarsu ɗaya, wata tana ciyarwa, wata tana kisa. Kada kuma a yi tsammani an gama ƙirga. Fumfuna da danginta da aka raɗa wa suna wajen 150,000 ne, masana kuwa suna ƙiyasin akwai fiye da miliyan biyu.

Ina ruwan manomi da suna?

Da fari, dafin nan ba wasa ba ne. Idan mutum ya ci da yawa a lokaci guda hanta ta kan lalace: amai, shawara, kumburin ciki da ƙafafu, har mutuwa. A 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta bayan sun ci masarar da suka noma da kansu, 125 suka rasu. Amma wanda ya fi yawa a wurinmu shi ne na kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, ba a ji ba a gani. Shi ke kawo ciwon daji na hanta, balle ga mai ɗauke da ciwon hanta mai lamba B, wanda ya yi yawa a ƙasashenmu. A 2002 aka buga binciken yara 480 na Binin da Togo. Kusan dukansu an sami alamar dafin a jininsu, waɗanda suka tsumbure kuma sun fi sauran yawansa. Yana shiga nonon uwa, yana shiga nonon saniya. Dahuwa ba ta kashe shi, suya ma haka. Dattijon da ya ce ya ci ya yi furfura gaskiya ya faɗa, sai dai ba mu ƙirga tsaransa da ba su kai ga furfurar ba.

Abin da a ke magana a kansa kuma kaɗan ne ainun. Dokar Amurka ta tsaya a kashi 20 cikin biliyan. A buhu mai kilo 100 wannan miligiram 2 ne, bai kai nauyin ƙwayar gero guda ba. Ta Tarayyar Turai ga gyaɗar ci kashi 4 ce. Ƙwaya kaɗan marasa kyau sun isa su sa a ƙi buhun ƙungiya gaba ɗaya, kamfanonin abincin kaji na gida ma da yawa sun fara gwadawa kafin su saya.

To, a nan sunan ya ke da amfani. Binciken masarar Nijeriya ya nuna mai manyan ƙulalai ta fi yawa nesa, mai ƙanana kaɗan ce a ƙirga. Amma da ya ke dafinta mai yawa ne, ko kaɗan ta shiga gona ta isa ta ɓata amfani. Wanda ya ɗauka duk flavus ce ba zai san wadda zai yi tsaro a kanta ba. Rarrabewar nan ce kuma ta haifi magani. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Badun, tare da ma'aikatar gona ta Amurka, ta tace dubban samfura daga gonakin Nijeriya, ta zaɓi huɗu daga cikin masu manyan ƙulalai waɗanda ba su iya yin dafi sam. Aka shafa su a jikin gasasshiyar dawa wadda ba za ta tsiro ba, aka rina ta shuɗi domin kada a ci, aka kira ta Aflasafe. An yi mata rajista a Nijeriya a 2014. A kan watsa kilo 10 a hekta, watau wajen kilo 4 a eka, mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi bunu, lokacin da ƙasa ke da laima. Marasa dafin su riga su cika gonar, masu dafin su zo su tarar ba masauki. A gwaje-gwajen gona dafin ya kan ragu da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Da a ce ba a iya bambanta mai dafi da marar dafi ba, wa zai yi ƙarfin halin watsa fumfuna a gonar mutane?

Abin da ke hannunmu

Ba kowace ƙungiya za ta sami maganin nan a kusa ba, ko da an samu kuma ba ya ɗauke wa kowa aikin kaka. Fumfunar tana shiga tun a gona, musamman in fari ya kama gyaɗa a makonnin ƙarshe, ko gara da tsutsa suka huda ƙwanso, ko fartanya ta sare shi. Saboda haka a shuka da wuri, a cire gyaɗa da zarar ta nuna, kada a bar ta a ƙasa ana jiran a gama da dawa. A kife ta 'ya'yan suna duban rana. Gyaɗar roro kuwa, wadda ta daɗe a ƙasa, kada a haɗa ta da ta buhu.

Kada a shanya a kan ƙasa tsirara. A sa tabarma, ko tamfol, ko daɓe. Gyaɗa ta bushe in ta yi ƙara a cikin ƙwanso idan an girgiza. Ga masara, a zuba busasshen gishiri da ƙwaya a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Ina roƙon ku daina yayyafa wa gyaɗa ruwa domin ta yi saukin ɓarewa ko ta yi nauyi a sikeli. Buhu a ɗora shi a kan katako, nesa da bango, a duba jinkar rumbu kafin ruwan farko. Buhun nan mai riɓi uku da mu ke ajiye wake a ciki yana yi wa masara ma amfani, amma sai ta bushe sarai kafin a ɗaure.

Abin da ya fi damuna shi ne tsince. Mata sun iya shi ƙwarai: su fitar da tsamurarru, da masu huji, da waɗanda suka sake launi, su kai mai kyau kasuwa. Tsincen nan yana rage dafi sosai, gama a cikin 'yan ƙwayoyin nan ya ke taruwa. Amma ina a ke kai abin da aka tsince? A gidaje da yawa da na shiga, shi a ke soyawa a yi ƙuli-ƙuli da tunkuzar miya, ko a dama wa yaro kunu, ko a watsa wa kaji. Watau mun tace dafin buhu guda mun tara shi a ƙwarya ɗaya, mun miƙa wa mafi ƙanƙanta a gida. In an matse mai ma, yawancin dafin a tunkuzar ya ke zama. Ina roƙon shugabannin zumuntar mata su ɗauki wannan magana a taronsu na wannan wata. Na sani zubar da abinci yana da wuya a shekarar da hatsi ya yi tsada. Duk da haka abin da aka tsince a haƙa rami mai zurfi a bayan gari a binne, ko a ƙone, kada a zuba shi a juji inda awaki za su kai baki, kada kuma a mai da shi gona.